Uwa a Kan Ƙarfe

Shekarar da Inna ta faɗi a bakin murhu ɓarin jikinta ya shanye, ita ce shekarar da na haɗa kwamfutata ta farko. Daga likita aka dawo da ita a amalanke, aka shimfiɗa ta a gadonta na ƙarfe, kuma tun daga ranar ƙafafunta ba su sake ɗaukar ta ba. Ni nake ɗaga ta, ni nake juya ta, ni nake fito da ita inuwa in ɗakin ya yi zafi. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, don haka maganar gidanmu a Konni tana hannun wan Inna, wato Kawu.

Kawu tsohon ɗan kokowa ne da ya koma kabu-kabu da ƙarfinsa ya fara ja baya. Wuyansa da kansa kauri ɗaya. Mutum ne mai son ƙanwarsa kamar ransa, amma Allah bai ba shi kunnen sauraren magana har ƙarshenta ba. Rabin zance yake ji, sauran rabin hannunsa ya ƙarasa. Ni ma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, zuciyar gidan ce da ni, a nono na sha ta.

Da kaka ta matso sai ya yanke hukunci. Ya ce wani abokinsa direban babbar mota zai tashi Abijan bayan an gama ɗaure hatsi, kuma ya riga ya kama mini wuri.

"Samarin garin ga duk sun tahi biɗa," in ji shi. "Kai kana nan zamne kana gadin gado. Matata ta iya jinya."

Na ce masa ba inda za ni in bar Inna. Na ce na koyi aikin kwamfuta a wata cibiya bayan na bar lakwal, wato makarantar boko, in na samu tawa zan zauna a zaurenmu in riƙa buga wa mutane takardu, in sa musu karatu da waƙoƙi a waya, in ci abinci ina jin motsin uwata. Inna tana jin mu daga ɗaki. Bakinta ya karkace, magana ba ta fita sosai, amma ta ɗaga hannun hagu ta nuna garken tumakinta, ta yi alamar a kai kasuwa. Duk abin da ta mallaka ke nan a duniya.

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya yi tsaki.

"To, na jiya. In abin ga ya kama wuta kahin mota ta tashi, ka zamna. In bai kama ba, ka ɗau jikkarka, kuma kar in ji bakinka."

Sabuwa dal ta fi ƙarfin tumakin Inna, sai na sayi kayan ɗaya-ɗaya don in haɗa da hannuna. Akwai wani mai shago a kasuwa, ɗan tsallaken iyaka ne, bai daɗe da zuwa garin ba, bakinsa bakin Kano. Mutum ne mai tumbi da yawan dariya, ba ya sayar maka da ko waya sai ya haɗa maka da barkwanci. A wurinsa na sayi babban allon da komai ke hawa kansa, wanda masu sana'ar suke kira uwa, don ko da Faransanci haka sunansa yake, haka yake da Turancin tsallake. Na sayi ƙwaƙwalwa, da ɗan siririn allon da ake kira ram, da akwatin wuta. Gangar jikin kuwa tsohuwa ce, a wurin masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, na tsinto ta, an yashe cikinta tas.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure na yi bisimilla. Na kwantar da uwar a cikin gangar jikin, na ɗaure ta da kusoshi tamau yadda ko girgizar amalanke ba za ta motsa ta ba. Na dasa ƙwaƙwalwa, na ɗora mata fanka, na soka ram har ya yi ƙas, na jera wayoyi kamar kitso. Wallahi da na gama sai da na ja baya na tsaya ina kallon ta, ƙirjina ya cika. Na leƙa ɗaki na ce, "Inna, yi addu'a." Na dawo na danna.

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Na sake dannawa. Na danna da ƙarfi, na riƙe. Ko ƙyaftawar fitila babu. Na ce to, ƙila kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke, don a garinmu wannan ba labari ba ne. Na soka cajar waya a soket ɗin, waya ta kama. Na ce to igiyar ce. Na ruga gidan maƙwabta na aro igiyar da suka tabbatar tana aiki, na sa, tsinanniyar ko gezau. Na duba ɗan makunnin da ke bayan akwatin wuta, na kunna, na kashe, na kunna. Zufa ta fara ɗiga daga haɓata tana sauka a kan tabarma.

Na ciro akwatin wutar shi kaɗai, na lanƙwasa guntun waya na haɗa koriyar igiya da baƙa kamar yadda aka koya mana. Fankarsa ta juya sumul. Ashe shi lafiyarsa lau. Na mayar, na cire ram na goge bakinsa da gefen rigata, na canza masa rami. Na cire wayar makunnin gaba na taɓa ƴan ƙarafa biyun da take shiga da bakin turnabis, abin ɗaure kusoshi. A nan ne fankar ƙwaƙwalwa ta yi wani ɗan motsi, kamar jaki ya kaɗa kunne, ta tsaya. Na sake taɓawa, ta ƙi. Wannan ɗan motsin ya fi shirun ƙona mini rai. Da ta mutu murus da na san gawa nake jinya, amma ta nuna mini tana ji, ta ƙi amsawa.

Haka na yi ta fama ana ɗaure hatsi a gonaki, amalanke na shigowa gari da damma, kowane dami da na gani sai in tuna da motar Abijan. Na kwance na ɗaura har kan kusoshin ya cinye. Na zage ta, na zagi wanda ya ƙera ta. Wata rana na yi jifa da turnabis ya kafe a ƙyauren zaure, yaran unguwa da ke leƙe suka watse.

Ana cikin haka Kawu ya shigo da azahar, ya jingine babur, ya tsaya a kaina.

"Har yanzu?"

Na ce ina kan dubawa.

"Kauce in gani."

Kafin in buɗe baki ya ɗaga tafin nan nasa ya sheme ta a gefe, kamar yadda yake yi wa rediyonsa. Gangar jikin ta lotsa, ta yi tsalle daga kan tabarma. Ban san lokacin da na miƙe na bangaje shi ba. Na ce, "Kawu, wannan ba jakinka ba ne!" Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya shaƙo wuyan rigata da hannu ɗaya ya manna ni da bango har ƙafafuna suka bar ƙasa, ƙeyata ta bugu, na ga taurari da rana tsaka. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ni ma na dunƙule hannu, kuma Allah ne shaida, da niyyar bugu na dunƙule. Sai muka ji ƙarar kofin silba a jikin gadon ƙarfe, kwal, kwal, kwal. Inna ce ke bugawa da hannun hagu, abin da take yi ke nan in tana kira. Ya sake ni na zube.

Ya tsaya yana huci, sannan ya nuna kwamfutar da ƙafa.

"Ba laihinka ba ne. Ɗan tsallaken ga ya cuce ka, ya saida maka mushe. Tumakin ƙanwata za ya ci banza? Ɗauko ta, ni za ni kai ka."

Na ce ya bari in je ni kaɗai. Ya ce in hau ko ya ɗora ni. Na naɗe ta a zanen Inna na rungume, na hau bayansa. Duk ramin da ke tsakanin gidanmu da kasuwa sai da ya faɗa shi, ina jin kayan ciki suna kaɗawa a ƙirjina ina ta salati.

Ranar kasuwa ce, layin masu waya ya cika maƙil, injin wuta na ta ruri a bayan shaguna. Kawu ya tsaya a waje yana neman inda zai kafe babur, wasu ƴan kabu-kabu abokansa suka tare shi da gaisuwa. Na yi hamdala a zuci na shige da sauri, ina fatan a gama kafin ya shigo.

Mai shagon ya karɓe ta ya ɗora a tebur. Na zayyana masa duk abin da na gwada. Ya buɗe, ya leƙa, ya karkata kai ya leƙa ta ƙarƙashi, sai na ga tumbinsa ya fara rawa. Ya kwance kusoshin, ya ɗago uwar gaba ɗaya da ƙwaƙwalwarta da fankarta, ya shimfiɗa kwali a kan tebur ya ɗora ta a kai. Ya jona mata akwatin wuta, ya taɓa ƴan ƙarafan nan biyu da turnabis.

Fanka ta juya. Ta juya, ta ci gaba da juyawa, wata ƴar fitila koriya ta kama, na ji ƙit, ƴar ƙarar da nake mafarkin ji. Ya jona allon kallo, rubutu fari ya fito a kan baƙi. Jama'a, na ga wannan da idona. Na dafa tebur, hawaye suka zubo mini a gaban mutane ban ji kunya ba. A raina na riga na koma gida, na riga na durƙusa a bakin gado ina cewa Inna ba inda za ni.

Ashe abin ɗan kaɗan ne. Akwai wasu ƴan ƙafafu na tagulla da ake fara ɗaurawa a gangar jiki, su ɗaga uwar kada bayanta ya taɓa ƙarfe. Masu gwangwan sun kwance na tawa sun sayar da tagullar, ni kuwa a inda na koya ba mu taɓa haɗa sabuwa ba, tsofaffi muke buɗewa, ƙafafun na nan a ɗaure. Duk lokacin da na danna, wuta na shiga ta tarar da ƙarfe ta koma.

Mai shagon ya jawo wani gwangwani yana tonon ƙafafun, yana dariya, ya ɗaga murya don ta fi ƙarar inji.

"Samari, ai uwarka ba ta mutu ba! Ƙafafu ne ba ta da su. Ka kwantar da ita a kan ƙarfe ka ɗaure, ta ina za ta motsa? Bar mini ita, ni na san yadda zan ɗaga maka ita!"

Yaran shagon suka kwashe da dariya. Ni ma bakina a buɗe yake, dariyar ta taho. Sai hasken ƙofa ya dushe.

Kawu ne tsaye. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma na san daga inda ya fara ji.

"Mi ka ce ma uwatai?"

Mai shagon bai san shi ba, bai san gidanmu ba, bai san akwai wata mata kwance a gadon ƙarfe ba. Da fara'arsa ya juyo.

"Sannu Baba. Cewa na yi ba ta da ƙafa, shi ya sa take kwan..."

Na yi tsalle ina cewa, "Kawu, tsaya, allon yake nufi!" Ko rabin maganar ban kai ba. Ya ture ni da gwiwar hannu na faɗa kan tarin akwatuna. Marin farko ya juya mutumin nan kamar fankar da ke kan tebur, hularsa ta fita waje. Na biyu dunƙule ne, na ji ƙarar hancinsa, jini ya wanke gaban farar rigarsa. Ya ɗaga hannuwa yana cewa, "Baba, don Allah, na'ura, na'ura!" Kawu ya sunkuya ya cusa kai a cikinsa, ya kama bayan gwiwoyinsa, irin kamun da ya yi suna da shi a fili. Na ga ƙafafun mai shago sun bar ƙasa, na ga inda zai sauka, na kurma ihu har muryata ta tsage.

A kan tebur ya maka shi. Teburin ya rabe biyu, allon kallo ya tarwatse, wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi mai warin roba ya tashi. A ƙarƙashin wannan rugugin duka na ji wata ƴar ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ita kaɗai na ji da kyau.

Daga nan kasuwa ta hautsine. Yaran shagon suka yi kan Kawu, ɗaya da benci, ɗaya da ƙarfen rufe ƙofa. Wani ya leƙa waje ya yi kururuwa wai ƴan tsallake sun taru za su kashe tsoho, wani ya ce an zagi uwar mutum. Ƴan kabu-kabu suka yar da babura suka afko. Masu shagunan layin, waɗanda yawancinsu ƴan ƙasar mai shagon ne, su ma suka fito da abin da hannunsu ya kai. Babu wanda ya tambayi uwar wa, babu wanda ya tambayi me aka ce. Gilashin wayoyi ya fashe, mai lemo ta kife da farantinta, wani yaro na gani yana gudu da jini a kunne.

Ni rarrafe nake a ƙasa tsakanin ƙafafu ina neman allona. Aka taka mini yatsu, aka shure ni a haƙarƙari. Na hango gefensa a ƙarƙashin katakon tebur, na miƙa hannu, sai wani ƙato ya ɗora takalminsa a kai yana ƙoƙarin kai wa Kawu sanda. A nan hankalina ya gushe. Na cafke ƙafarsa na gantsara masa cizo a sha-raɓa har na ji gishirin jini, ya juyo ya sauke mini sandar a baki. Haƙorina na gaba a wurin na bar shi. Na tashi na rarumi ƙafar tebur na shiga bugu, ban san wa nake bugu ba, ban damu ba. Kuka nake ina bugu, ina zagin Kawu, ina zagin mai shago, ina zagin masu gwangwan. Sai da jandarma suka zo da bulala suka tsattsaga mu, ni ma na samu rabona a gadon baya.

Da ƙura ta lafa na jawo allon. Ya rabe tun daga ramin ram har gindin ƙwaƙwalwa, ita kanta ƙwaƙwalwar ta fita daga mazauninta an tattake ta, fankar ta rasa fukafukai. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Dattawan kasuwa suka roƙi jandarma a bar musu maganar. Aka zaunar da mu a rumfar sarkin kasuwa. Mai shagon na zaune da tsumma a hanci, idonsa ɗaya a rufe, ba ya iya miƙe baya. Da ƙyar ya yi bayani, ya ce a sana'arsu uwa ake ce wa allon, ya ce a tambayi yaron. Aka tambaye ni. Na ce gaskiya ya faɗa, da bakina mai jini na faɗa, na maimaita. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana danne dariya, wani ya ce baki shi ke yanka wuya.

Kawu ko a jikinsa. Goshinsa a fashe, ya dubi mutumin ya ce, "Ka ce ba ta da ƙahwahu ko ba ka ce ba?"

"Na ce, Baba, amma..."

"Ka ce tana kwance bisa ƙarhe?"

"Na ce."

"Ka ce a bar maka ita?"

Kafin mai shagon ya amsa, Kawu ya buɗe hannuwa ya dubi dattawa, shi a ganinsa shari'a ta ƙare. Aka yanke kowa ya ɗauki asararsa, aka sa su yin musabaha. Ba a daɗe ba mutumin ya kwashe abin da ya rage masa ya koma ƙasarsu. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji nauyi, don bai yi mini komai ba sai alheri. Kawu kuwa na yi wata ban gaishe shi ba, a gida ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai tambayi dalili ba.

Labari ya riga mu isa gida. Matan unguwa sun kai wa Inna cewa wani baƙo ya yi mata gorin ƙafafu a tsakiyar kasuwa, wanta ya ɗaga shi ya raba tebur da shi. Tun da ta kwanta ban ga idonta da haske irin na ranar ba. Matar da ta ga duniya ta manta da ita a ɗaki, sai ga shi an tashi kasuwa saboda ita. Ta sa aka kira Kawu, ta riƙe hannunsa da ya kumbura tana shafawa tana hawaye. Na tsaya a bakin ƙofa da gutsattsarin allo a cikin zaninta. Da wane bakin zan ce mata ba ita ake nufi ba?

Tumaki sun ƙare, babu abin sayen wata uwar. Aka gama ɗaure hatsi, direban ya aiko cewa mota ta yi lodi. Kawu ya ɗauko jakata ya ɗaure a bayan babur.

Na shiga sallama da safe. Na ɗaga ta na gyara mata matashi, na juya ta ɓangaren da ta fi so, na nuna wa matar Kawu yadda ake sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta don kada a ja mata ciwo. Inna ta kama wuyan hannuna da hagunta. Ta daɗe tana kallon gurbin haƙorina, tana tattaro kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ma... ka buga?"

Na ce, "Na buga, Inna."

Ta yi murmushi da rabin bakin da ke motsi, ta sa mini albarka. A waje Kawu ya tada babur yana danna oda. Ganin ƙarshe da na yi mata ke nan.